Ta Ina Mai Son Tara Sulallan Zamanin Da Zai Fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina sha'awar tarihin tsoffin dauloli, kuma a 'yan watannin nan na gano cewa mutum yana iya mallakar sulen da aka buga shekara dubu biyu da suka wuce ba sai ya zama attajiri ba. Damuwata ita ce duk jerin kayan masu sayarwa da na duba sai in ga na Rumawa, na Girkawa, na Farisa, na Masar, har da na Sin, kowanne yana fizgar raina. Abin da zan iya warewa bai taka kara ya karya ba. Da wane fanni ya kamata in fara, kuma yaya zan yi in kauce wa zaɓen tumun dare?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, kana tsaye a gaban fage mai faɗi da guzuri kaɗan, kana son ka san inda za ka sa ƙafa, kuma kana tsoron kada kuɗinka su tafi a kan abin da za ka yi nadamarsa bayan shekara guda. Wannan tsoro yana kan hanya. Amsata a taƙaice ita ce ka ɗauki fannin farko a matsayin makarantar da za ta horar da idonka da hannunka, saboda haka ka zaɓi inda sulallan suke da yawa a kasuwa, inda masana suka riga suka tsara kundinsu, kuma inda kai da kanka za ka iya karanta rubutun da ke jikinsu. Ga yawancin masu farawa wannan yana nufin sulallan tagulla na Rumawa na ƙarni na 4 na Miladiyya. Ga wanda ya iya karatun Larabci akwai wata ƙofa ta biyu da zan yi bayaninta a gaba, wadda a ganina ba a ba ta haƙƙinta.

Faɗin fagen da dalilin arhar wasu sulalla

An fara buga sulalla a ƙasar Lidiya, cikin yammacin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 7 kafin Miladiyya, da wani gaurayen zinariya da azurfa. Daga nan sana'ar ta bazu zuwa ɗaruruwan biranen Girkawa, kowanne da tambarinsa da ma'auninsa, sannan Farisa, Kartaj (a Tunisiya ta yau), Roma, da daulolin da suka biyo bayan Iskandar Mai Girma. Masana da yawa suna rufe babin zamanin da a shekarar 476, lokacin da daular Rum ta Yamma ta faɗi, amma dillalai sukan haɗa har da sulallan Rum ta Gabas da na Sasaniyawan Farisa da na farkon Musulunci a cikin jeri ɗaya. Ka ga ke nan ana maganar shekaru fiye da dubu ne da ƙasashe daga Ingila zuwa Indiya. Ko manyan gidajen tarihi ba su tara komai ba, balle mutum ɗaya da albashinsa.

Abin da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne tsufa ba shi ne ke sa tsada ba. A wancan zamani babu banki irin na yau, don haka wanda ya ji tsoron yaƙi ko ɓarayi sai ya zuba kuɗinsa a tulu ya binne, kuma da yawa ba su dawo sun tone ba. A shekarar 2010 wani mai neman ƙarafa da na'ura ya gano tulu ɗaya kusa da garin Frome a Ingila ɗauke da sulallan Rumawa 52,503, kusan dukkansu na ƙarni na 3. A 1929 an tono wata taska a Reka Devniya ta ƙasar Bulgeriya mai sulallan azurfa sama da 80,000. Irin waɗannan binnannun kuɗi su ne suka sa sulen wani sarki yake samuwa tuli, na wani kuma sai an yi shekaru ana jira. Abin da ke yanke farashi shi ne ƙarancin sulen, yawan masu nemansa, lafiyar jikinsa, da kyawun zanen. Sulen tagulla mai shekara 1,700 yana iya zama mafi arha a teburin dillali, alhali wani da bai kai shi tsufa ba ya ninka shi sau ɗari.

Akwai kuma abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu, domin a kansa aka gina duk shawarar da zan ba ka. Sulallan yankin Bahar Rum da Farisa da hannu aka buga su. Maƙeri yakan ɗora guntun ƙarfe a kan hatimi ɗaya da aka kafe a uwar maƙera, ya ɗora hatimi na biyu a sama, ya maka guduma. Shi ya sa za ka ga hoton ya karkata, ko rabin rubutun ya fita daga gefe, ko bakin sulen ya tsage. Babu biyu da suka zo iri ɗaya sak. Mai tarawa sai ya riƙe sulalla da yawa a hannunsa kafin idonsa ya saba da yadda ƙarfen da aka buga yake kwanciya, ya iya bambanta shi da wanda aka narka aka zuba. Wannan sabo ba ya samuwa ga wanda ya kashe duk abin da ya tanada a kan ƙwaya ɗaya mai tsada.

Tagullan Rumawa na ƙarni na 4

Domin ka gane yadda aka yi waɗannan suka yi yawa, sai mun ɗan waiwaya. Dinariyus, sulen azurfa na Roma, an fara buga shi wajen shekarar 211 kafin Miladiyya, lokacin yaƙi da Hanibal, jagoran sojojin Kartaj. A zamanin Agustus, sarkin Rum na farko, kusan tsantsar azurfa ne. Sarki Nero ya rage masa nauyi da tsarki a shekarar 64 Miladiyya, sarakunan baya suka ci gaba da surka shi, sannan a 215 Karakalla ya fito da sabon sule da masana ke kira antoniniyanus, wanda ake ganin an ba shi darajar dinariyus biyu alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Zuwa wajen 270 azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Da darajar kuɗi ta zube, sai gwamnati ta riƙa buga su babu ƙaƙƙautawa don biyan sojoji. Sarki Diyokletiyan ya yi gyara wajen 294, ya daidaita tsarin a duk faɗin daular, gidajen buga kuɗi fiye da goma suna fitar da zane iri ɗaya, kowanne yana sa alamarsa a ƙasan bayan sulen. Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, da 'ya'yansa sun gaji wannan tsari.

Bari in ɗauko ɗaya daga cikin akwatina in karanta maka shi. Faɗinsa bai wuce milimita 22 ba, launinsa ruwan ƙasa mai duhu da ɗan kore a cikin lungunan haruffa. A fuskarsa akwai kan sarki yana duban dama, da igiyar lu'ulu'u ɗaure a goshinsa, kewaye da shi an rubuta D N CONSTANTIVS P F AVG, wato ubangidanmu Kustantiyus, mai tsoron alloli, mai sa'a, sarki. Wannan Kustantiyus na Biyu ne, ɗan Kustantin. In ka juya bayan za ka ga sojan Rum yana soke wani mahayi da dokinsa ya faɗi, mahayin ya waiwayo ya ɗaga hannu, an kewaye su da FEL TEMP REPARATIO, ma'ana dawowar zamanin jin daɗi. A ƙasa, ƙarƙashin layin da suke tsaye a kai, akwai AN da harafin Girkanci guda ɗaya. AN tana nufin Antakiya, harafin kuma yana nuna sashen maƙeran da ya buga shi a cikin gidan. Da a ce ALE ce, da Iskandariyya ce. SIS ita ce Siskiya a Kuroshiya ta yau, TR Tiriya a Jamus, CONS Kustantiniyya, SMK Sizikus a Turkiyya ta yau. An fara buga wannan zane wajen shekarar 348, kuma cikin shekara goma sulen ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kusan rabin nauyinsa na farko. In ka jera guda biyar daga babba zuwa ƙarami, kana kallon hauhawar farashi ta daular Rum a tafin hannunka.

Duk wannan karatu mai farawa zai iya koyonsa cikin mako biyu, domin haruffan Latin su ne na boko, kuma kalmomin da ake maimaitawa ba su da yawa. Sannan an gama tsara kundinsu. Babban kundin da kowa ke dogaro da shi, wanda ake taƙaita sunansa da RIC, an fara fitar da shi a 1923, yana da juzu'i goma. Na bakwai ya tattara zamanin Kustantin, na takwas na 'ya'yansa. Ƙungiyar masana sulalla ta Amurka ta ɗora tsarin wannan kundi a intanet kyauta da sunan OCRE, tare da hotuna daga gidajen tarihi. Saboda haka sulen da ka saya za ka iya bin diddiginsa har ka sami lambarsa, ka tabbatar ko dillali ya faɗi daidai. Ƙari a kan haka, maƙeran jabu ba su cika ɓata lokacinsu a kan abin da ribarsa kaɗan ce ba. Ana samun jabun, amma ba kamar yadda suka cika fannin azurfar Girkawa ba, kuma in ka faɗa hannunsu asarar ba za ta hana ka barci ba.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Sulallan ƙanana ne, kuma a wannan ƙarni an daina zana sarki da kamanninsa na gaskiya, har ya zama Kustantin da 'ya'yansa uku kusan fuska ɗaya gare su, sai rubutu ke raba su. Na san waɗanda suka fara da su suka gaji bayan wata shida, suka ce ba su ga abin kallo ba. In kai mai son kyawun zane ne fiye da bincike, ka matsa baya kaɗan zuwa azurfar ƙarni na 3. Gordiyan na Uku ya hau mulki a 238 yana ɗan shekara 13, ya mutu a 244, kuma sulallansa na azurfa suna da yawa ƙwarai, ana samun masu kyau a farashin da bai fi ƙarfin mai farawa ba. Magajinsa Filib Balarabe ya yi bikin cikar birnin Roma shekara dubu a 248, aka buga sulalla da hotunan namun dajin da aka fito da su a wasannin, akwai zaki, akwai barewa, har da dorina a sulen matarsa. Dinariyus na Septimiyus Seferus, sarkin da aka haifa a Leptis Magna ta Libiya, da na matarsa Juliya Domna da 'ya'yansu, su ma suna cikin wannan sahu, kuma fuskokin a nan na mutane ne da za ka iya ganewa.

Tarkon da nake gargaɗin kowa a kai shi ne na Kaisarori goma sha biyu, daga Juliyus Kaisar zuwa Domitiyan. Jerin yana da daɗin ji, ga shi gajere, sai mutum ya ɗauka zai kammala shi da wuri. Amma a cikinsu akwai Oto, wanda wata uku kawai ya yi a kan mulki a shekarar 69, kuma ba a buga masa tagulla a Roma ba, sai zinariya da azurfa. Akwai Kaligula da Kalaudiyus, waɗanda azurfarsu ke da wuyar samu. Sulen da ke ɗauke da fuskar Juliyus Kaisar kansa kuwa, kowa nemansa yake yi. Mai farawa yakan sayi huɗu ko biyar masu sauƙi, sannan ya tsaya cak, ko kuma kwaɗayi ya kai shi ga sayen jabu don cike gurbi.

Girkawa

Babu musu, mafi kyawun zane a wannan fage na Girkawa ne. Sulen Atina mai nauyin giram 17 da ɗoriya, da kan allahiya Atina a fuska da mujiya mai manyan idanu a baya, shi ne wanda kowa ke mafarkinsa. Amma kuɗin ƙwaya ɗaya mai kyau zai sayi tagullan Rumawa da dama, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. Sannan fannin a warwatse yake, kowane birni da kundinsa, rubutun gajere ne, galibi babu shekara. In zuciyarka ta ƙi rabuwa da su, ka fara da dirakmar Iskandar Mai Girma, sulen azurfa mai nauyin giram huɗu da ɗan kai, da gwarzon tatsuniyar Girkawa Herakles sanye da fatar zaki a fuska, da babban abin bautarsu Zeus a zaune riƙe da gaggafa a baya. An daɗe ana ci gaba da buga ta da sunansa bayan rasuwarsa a 323 kafin Miladiyya, shi ya sa take da yawa, kuma ƙananan alamomin da ke gefen Zeus su ne ke nuna garin da ya buga ta. Ka dai sani cewa yawancin waɗanda ake sayarwa bayan mutuwarsa aka buga su, dillali na kirki kuma zai faɗa maka.

Ƙofar gabas

Kalmomin dinari da dirhami da muka sani a littattafan fiƙihu daga nan suka samo asali: dinari daga dinariyus na Rumawa, dirhami daga dirakmar Girkawa ta hanyar Farisa. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Larabawa ba su buga nasu kuɗi ba. Dinarin da ake ciniki da shi zinariyar Rum ta Gabas ce, dirhamin kuma azurfar Sasaniyawa. Wannan dirhami na Sasaniyawa yana cikin mafi arhar azurfar zamanin da, musamman na Kisra na Biyu wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 628. Faffaɗa ne, siriri kamar faifai, nauyinsa wajen giram huɗu, da sarki sanye da kambi mai fikafikai a fuska, a baya kuma murhun wutar Majusawa da masu tsaronsa biyu. A gefe ɗaya na bayan an rubuta shekarar sarauta, a ɗayan an taƙaita sunan garin da ya buga. Wahalar ita ce rubutun Pahlawi ne, wato tsohon rubutun Farisa, wanda haruffansa da yawa suke kama da juna, amma da jadawalin alamomi a gabanka za ka iya koyo.

Bayan Musulmi sun ci Farisa, sun ci gaba da buga wannan dirhami da hoton Kisra, sai dai suka ƙara bismillah a gefe. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya kawar da hotuna, ya fito da dinari na rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami ya biyo baya a 79. A tsakiyar fuskar dirhamin akwai kalmar tauhidi, a tsakiyar bayansa lafazin Suratul Ikhlas, a kewayen fuskar kuma an rubuta da kalmomi cewa da sunan Allah aka buga wannan dirhami a gari kaza a shekara kaza. Babu sunan halifa. Daga shekarar kake gane zamanin wa aka buga. Na Wasiɗ, garin da Hajjaj ɗan Yusuf ya gina a Iraƙi, su ne suka fi yawa, kuma mutum zai iya sa wa kansa burin tara su shekara bayan shekara har zuwa faɗuwar Umayyawa a 132. Wanda ya yi karatun allo ya riga ya yi rabin aikin da wani zai kwashe watanni yana fama da shi. Abin da zai ba ka wahala shi ne rubutun Kufi ne, wato tsohon salon rubutun Larabci, marar ɗigo, don haka sab'a da tis'a, bakwai da tara, suna rikitar da ko tsofaffin hannu. Sai ka ƙirga haƙoran haruffan da tsawonsu a ƙarƙashin madubi. Ka dai san cewa wasu masana ba sa lissafa waɗannan cikin sulallan zamanin da, suna sa su a tsakiyar zamani. Ni ban ga wannan iyaka ta isa ta hana mutum fara da abin da yake iya karantawa ba.

Tagullan Rum ta Gabas ma suna da sauƙin shiga. Tun gyaran da sarki Anastasiyus ya yi a 498 Miladiyya babban sulen yana ɗauke da ƙaton harafin M, wato arba'in a lissafin Girkanci, rabinsa kuma K, kuma daga 538 Justiniyan ya sa ana rubuta shekarar sarauta. Zanensu ba shi da kyau, kuma na zamanin Hiraƙal galibi a kan tsofaffin sulalla aka sake buga su, har kana ganin rubutu biyu sun hau juna. Wasu wannan ne ke korarsu, wasu kuma shi ne ke jawo su.

A nahiyar Afirka akwai manyan tagullan Batlamusawa, zuriyar Girkawa da ta mulki Masar bayan Iskandar, wasunsu sun haura giram 60, da sulallan Iskandariyya na zamanin Rumawa masu alamar L kafin shekarar sarauta, da na Kartaj masu doki da bishiyar dabino, da na Aksum a Habasha inda ake ganin gicciye ya maye gurbin jinjirin wata a zamanin sarki Ezana. Na Iskandariyya sun dace da mai farawa. Na Aksum ba su da yawa, a bar su sai ido ya nuna. Na Sin kuwa zuba su ake yi a mazubi tun asali, don haka duk alamomin gane jabu da zan faɗa maka ba sa aiki a kansu. Sana'a ce daban, kuma hannuna ya fi zama a kan na Rum da na gabas ta tsakiya, saboda haka shawarata ta karkata can.

Kurakuran da na biya kuɗinsu

A shekarata ta farko na sayi ƙunshin sulallan da ba a wanke ba, waɗanda ake tallatawa da cewa wataƙila ka dace da zinariya a ciki. Na yi watanni ina jiƙa su a tataccen ruwa ina goge su da burushi. Daga cikin talatin, huɗu ne suka karantu, sauran faifan tsatsa ne kawai. Masu sayar da irin wannan sun riga sun tsince na kirki kafin su ɗaure ƙunshin. Da kuɗin na sayi biyar masu lafiya, da na fi ƙaruwa.

Na biyu ya fi ciwo. Na sayi dinariyus na Hadiriyan a hannun wani mai sayarwa a intanet, a farashin da ya kamata ya sa ni shakka. Da ya iso na ɗora shi a sikeli, ya nuna giram 2.6, alhali irinsa yakan haura giram uku. Na duba gefensa da madubi mai ninka gani sau goma, sai ga alamar zarto inda aka goge layin da mazubi biyu suka haɗu, a filin bayan kan sarki kuma ga ƙananan ramuka kamar na allura, irin waɗanda kumfar narkakken ƙarfe ke bari. Haruffan ma sun yi laushi, babu kaifin bugu. Daga baya na ga tagwayensa a hotunan jabun da masu tarawa ke adanawa, har da tsaguwar gefe a wuri ɗaya. Sulalla biyu na gaskiya suna iya fitowa daga hatimi ɗaya, amma ba za su taɓa zuwa da siffar gefe ɗaya da tsaguwa ɗaya ba. Jabu ba sabon abu ba ne a wannan fage. Tun ƙarni na 16 Giovanni da Cavino na Paduwa ke kwaikwayon manyan tagullan Rumawa, Carl Wilhelm Becker kuma, wanda ya rasu a 1830, ya sassaƙa hatimai da hannunsa ya ruɗi manyan masu tarawa na zamaninsa. Akwai kuma sulen gaskiya da aka yi wa kwaskwarima, aka sake sassaƙa gashin sarki ko aka cike ramuka aka shafe, wanda wannan ya fi yawa a manyan tagulla.

In ka zaɓi tagulla, ka san bambancin koren tsufa mai tauri da santsi, wanda kariya ne ga sulen kuma ba a cire shi, da wani kore mai haske mai kama da gari wanda ke fita in ka taɓa shi da tsinke. Na biyun ciwo ne da gishirin ƙasa da danshi ke haddasawa, yana cin ƙarfen har ya huda shi. Wanda ya kamu a ware shi, a ajiye shi a busasshen wuri, kuma kada ka saya in ka gan shi a hoto. Robar ajiya mai laushi ma tana ɓata ƙarfe in an daɗe. Ambulan takarda marar sinadari ya fi.

Doka da salsalar mallaka

Wannan ma yana shiga cikin zaɓen fanni. Ƙasashe irin su Girka, Turkiyya, Italiya da Masar suna ɗaukar abin da aka tono a ƙasarsu a matsayin dukiyar gwamnati, kuma tun yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ƙasashe suke ƙara tsaurara shige da ficen kayan tarihi. Amurka ta sa takunkumi a kan shigo da wasu sulallan Saifurus a 2007, na Italiya a 2011. Ingila tana da tsari daban, inda dokar 1996 ta wajabta kai rahoton taska, amma in gidajen tarihi ba su saya ba ana iya sayarwa a halal. A 2020 an yi gwanjon wani sulen zinariya na Burutus, mai tuna kisan Juliyus Kaisar, a kan sama da dala miliyan huɗu, daga baya aka gano takardun asalinsa na ƙarya ne, aka mayar da shi Girka a 2023. Ba irin wannan za ka saya ba, amma darasin ya shafi kowa: sulen da aka san ta hannun wa da wa ya biyo ya fi aminci, ya fi kuma riƙe daraja. Dokar ƙasar da kake zaune da ta ƙasar da za a aiko maka daga ita, kai ne za ka bincika kafin ka biya, domin sun bambanta kuma suna sauyawa.

Yadda zan yi in ni ne kai

Zan ba kaina wata biyu ban sayi komai ba, ina duban hotunan gwanjon da aka riga aka kammala, ina lura da abin da idona ke komawa kansa da kuma nawa aka saya, tare da tuna cewa gidajen gwanjo suna ɗora nasu kaso a kan farashin da aka buga, sau da yawa wajen kashi 20 cikin ɗari, ban da kuɗin aikawa. Zan sayi sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da madubi, kafin sule na farko. Sannan zan sayi ƙwaya biyar ko shida daga dillalin da ya rubuta cewa zai karɓi kayansa a kowane lokaci in ya tabbata jabu ne: tagulla biyu na gidan Kustantin, azurfar Gordiyan ɗaya, dirhamin Kisra ko na Wasiɗ ɗaya, da ɗaya daga fannin da zuciyata ta nace a kai. Bayan wata uku, wanda na fi yawan ɗaukowa in duba, wanda ya sa na nemi littafi a kansa, shi ne fannina.

Daga nan sai a ƙuntata, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ana iya bin sarki ɗaya a duk gidajen da suka buga masa, ko gari ɗaya kamar Antakiya a tsawon ƙarnuka, ko zane ɗaya kamar mahayin nan da ya faɗi, ko tafiye-tafiyen Hadiriyan wanda ya sa aka buga sunayen lardunan da ya ziyarta, Masar da Afirka da Sifaniya a cikinsu. Kada ka sa rai da riba. Ƙananan sulalla in ka tashi sayarwa da ƙyar kake mayar da abin da ka kashe. Kuma tun daga ƙwayar farko ka yanka 'yar takarda ka rubuta sunan sarki, garin bugu, nauyi, faɗi, lambar kundi, ranar da ka saya da wanda ya sayar maka. In sulen ya zo da tsohuwar takardar wani mai tarawa, ko da ta yage ko rubutun ya dushe, ka sa ta a ambulan ɗaya da taka.